Wa Ke Neman Shiga? Gwanintar Masu Warware Matsalar Izini a Uwar Garke

Idan lokacin rajistar ɗalibai ya kama, shagunan kwamfuta na Kalgo da Birnin Kebbi ba masaka tsinke. Yaro zai taso daga Dangoma ko Gayi ko Diggi, ya biya ɗan kabu-kabu, ya riƙo takardunsa a leda, ya zauna kan benci yana jiran layi. Layi ya zo kansa, mai shago ya buga adireshin fotal, sai ga farin shafi da ɗan rubutu a sama: 403 Forbidden, ko kuma 500 Internal Server Error. Mai shago ya juyo ya ce masa, "Netwok ne, ka dawo gobe." Alhali netwok lafiyarsa lau. Da hanya ce ta yanke, ai ko wannan ɗan rubutun ba zai iso ba. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato uwar garke, ta ji kira kuma ta amsa, amsar ce dai ba daɗi. Dalilan irin wannan amsa suna da yawa, amma ɗaya daga cikin waɗanda ke yawan maimaituwa shi ne an hana manhajar da ke kula da shafin taɓa wani fayil da take buƙata.

Wannan yanki yanzu ya rataya wuyan al'amuransa da dama a kan irin waɗannan kwamfutoci. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, neman aikin gwamnati, duk sai ta fotal. A bayan kowane fotal akwai wani bawan Allah da ake bugo wa waya idan abu ya tsaya. A cikin irin waɗannan mutane akwai gwanaye, kuma abin da ya bambanta gwani da ɗan koyo a wannan fage bai wuce tambaya ɗaya ba, wadda gwani ke yi kafin ya taɓa komai: wa ke neman shiga, kuma ina aka tare shi?

Sai an san yadda abin yake a ciki kafin a gane darajar tambayar. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi daɗewa suna miƙa shafukan intanet ita ce Apache, wadda ta fito a 1995. Ita kaɗai abin da ta iya shi ne a roƙe ta fayil ta miƙo. Idan ana son a karɓi lambar ɗalibi, a duba ta a rumbun bayanai, a lissafa makinsa, to sai an haɗa ta da wani harshen shirya manhaja: PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fara fitarwa shi ma a 1995, ko Python, ko Perl. Ana maƙala mata waɗannan a matsayin ƙananan manhajoji da ake kira mojul, kamar mod_php da mod_wsgi da mod_perl. Duk wannan tarkace galibi a kan Linux yake zaune. Wani abin sha'awa, Linus Torvalds ya sanar da duniya aikinsa na Linux ranar 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga watan. Sa'annin juna ne. Amma dokokin izinin da Linux ke bi sun girme shi, gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, zamanin da mutane da yawa ke rabon kwamfuta guda, kuma dole a hana wani leƙa kayan wani.

Dokar ba ta da tsawo. Kowane fayil yana da mai shi, yana da ƙungiyar da aka danganta shi da ita, sannan akwai sauran jama'a. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi abu uku: karantawa, rubutawa, da gudanarwa. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara. Wanda aka ba duka uku ya sami 7. Karantawa da rubutawa 6, karantawa da gudanarwa 5, karantawa kawai 4. Shi ya sa za ka ji masu aikin suna ta ambaton 644 da 755 da 640. Fayil mai 644, mai shi na karantawa yana rubutawa, ƙungiya da sauran jama'a sai dai su karanta. Mai 640 kuwa sauran jama'a ko kallonsa ba za su yi ba. Umarnin chmod ke canza waɗannan lambobi, chown ke canza mai fayil. Wannan duk ɗalibin kwamfuta na iya haddace shi da la'asar ɗaya.

Inda gwaninta ke farawa shi ne a kan folda, domin a can ma'anar lambobin tana sauyawa. Ga folda, 4 na nufin ka ga jerin sunayen abin da ke ciki, 2 na nufin ka saka ko ka cire, 1 kuwa na nufin ka ratsa ta ka wuce. Ka ɗauki gidan gargajiya irin namu. Baƙo ya zo wurin mai gida da ke turaka. Ko da mai gida ya ce a shigo da shi, sai ya bi ta zaure, ya wuce soro na biyu, ya ratsa tsakar gida. Ƙofa ɗaya cikin waɗannan ta kasance "ba shiga", magana ta ƙare, buɗaɗɗiyar ƙofar turaka ba ta amfane shi da komai ba. Haka fayil yake. Ɗan koyo zai ƙura wa fayil ɗin ido, ya ga 644, ya rantse da Allah komai daidai yake. Gwani ya san matsalar na iya kasancewa folda uku a baya. Akwai wani ɗan umarni, namei -l, da zai jero maka kowace folda tun daga tushe har zuwa fayil ɗin, da mai ita da izininta, sai ka bi da ido ka ga inda 1 ɗin nan ya ɓace. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga fitowar 21.04 ta shekarar 2021, ta fara rufe foldar gidan kowane sabon asusu da 750. Mai shirya manhaja da ya saba ajiye shafi a foldar gidansa sai ya wayi gari a sabuwar uwar garke ya ga Apache ta kasa isa wurin, shi kuwa bai canza komai a nasa aikin ba.

Akwai wasu 'yan dabaru a dokar da ke kayar da mutane. Idan kai ne mai fayil, izinin mai fayil kaɗai za a duba maka, ko da an ba ƙungiya fiye da abin da aka ba ka. Goge fayil kuma bai dogara da izinin fayil ɗin ba, ya dogara da izinin rubutu a foldar da yake ciki. Sannan fayil ɗin PHP da mod_php ke aiki da shi karanta shi kawai ake yi, ba ya buƙatar izinin gudanarwa, amma tsohon salon CGI dole sai da shi. Wanda ya ji an ce fayiloli 644 ake ba su, ya je ya buga chmod -R 644 a kan dukan shafi, ya cire wa kowace folda izinin ratsawa ke nan, shafin kuma ya mutu gaba ɗaya. Gwani yana raba aikin biyu da umarnin find, folda daban, fayil daban.

Amma zuciyar sana'ar tana ga sashen farko na tambayar, wato wa ke neman shiga. Mai kula da uwar garke yakan shiga da asusunsa, ko da babban asusu mai suna root wanda dokar lambobin nan ba ta hana shi karantawa ko rubutawa. Ya buɗe fayil, ya buɗu. Ya gwada manhajar da hannunsa, ta yi aiki. Sai ya ce to ai ga shi yana yi. Abin da ya manta shi ne ba shi ne ke buɗe fayil ɗin ba idan ɗalibi ya shigo fotal. Apache tana tashi ne a matsayin root, domin a al'adar Unix mashigai masu lamba ƙasa da 1024, irin su 80 da 443 da shafukan intanet ke amfani da su, root ne ke da ikon kama su. Da ta kama, sai ta haifar da 'ya'yan da za su riƙa amsa baƙi, ta sauke su zuwa wani ƙaramin asusu marar iko: www-data a Debian da Ubuntu, apache a Red Hat da danginsa. Da gangan aka yi haka. Idan wani mugu ya yaudari shafin, abin da zai samu a hannunsa ikon wannan ƙaramin asusu ne kawai.

Daga nan gwani ke fitar da wata hujja da nake ganin ita ce mafi kyawun abu a duk wannan aiki. Lokaci biyu ne kuskure zai iya faruwa. Idan Apache ta tashi lafiya, sai da baƙo ya zo aka sami matsala, to ƙaramin asusun ne aka tare, sai a bi lambobi da folda. Amma idan Apache ta ƙi tashi tun farko, tana kukan an hana ta ɗauko mojul, to a lokacin nan ita root ce. Root kuwa 644 ko 600 ba sa tare shi. Ke nan kusan kullum matsalar ba ta lambobi ba ce, ko da za ka kwana kana buga chmod. Wani abu ne daban ya tsaya a hanya. Da wannan tunani kaɗai, tun bai taɓa madannai ba, ya riga ya watsar da rabin abubuwan da ake zargi.

Wannan abu daban sau da yawa SELinux ne. Hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta fitar da shi a ƙarshen shekarar 2000, ya shiga cikin ainihin Linux a 2003, kuma a kunne yake zuwa a Red Hat da Fedora da Rocky Linux da AlmaLinux. Ubuntu tana da nata makamancinsa, AppArmor. SELinux bai damu da wa ya mallaki fayil ba. Yana liƙa wa kowane fayil tambari, ya liƙa wa kowace manhaja mai gudana nata, sannan ya riƙe jerin wane tambari ke da damar taɓa wane. Fayilolin shafi suna ɗauke da httpd_sys_content_t, wuraren da shafi ke rubutu httpd_sys_rw_content_t, mojul kuma httpd_modules_t. Ga inda tarkon yake: idan ka kwafi fayil da cp zuwa foldar shafi, sabon fayil ne aka haifa, yana ɗaukar tambarin wurin. Idan ka matsar da shi da mv, yana zuwa da tsohon tambarinsa na inda ya fito. Mutum ya sauke mojul a foldar gidansa, ya matsar da shi inda ya dace, lambobi daidai, mai shi daidai, amma Apache ta ce an hana ta. Gwani zai duba da ls -Z, ya ga baƙon tambari, ya buga restorecon, shi ke nan. Rahoton wannan hani ma ba a littafin Apache ake samun cikakkensa ba, yana can a /var/log/audit/audit.log. Wanda bai san da wannan littafi na biyu ba zai yi ta zagaye wuri ɗaya.

To me ɗan koyo ke yi idan oga na tsaye a kansa, waya na ta ƙara? Abu biyu. Ya buga chmod -R 777, ya kuma kashe SELinux da setenforce 0. Shafi ya buɗe, a tafa masa. Ba na ganin laifinsa ƙwarai, domin matsin ranar rajista ba wasa ba ne, kuma intanet cike take da masu ba da wannan shawara. Sai dai ya kamata a fahimci abin da 777 ta aikata. Ba wai ta buɗe fayil ga duk wanda ke intanet kai tsaye ba. Ta buɗe shi ne ga kowane asusu da ke cikin kwamfutar, har da www-data, wanda aikinsa kullum shi ne biyan buƙatun baƙin da ba a sani ba. A ce fotal na karɓar hoton fasfo. Mai kutse ya aiko da fayil ɗin PHP da ya yi wa shigar hoto, fotal ya karɓa. Idan www-data ba shi da ikon rubutu sai a foldar hotuna, kuma an hana gudanar da PHP a wannan folda, mugun ya tashi a tutar babu. Idan ko'ina 777 ne, zai iya sake rubuta shafin shiga ya riƙa kwashe kalmomin sirri. A uwar garken haya, inda shafuka masu yawa ke zaune tare, maƙwabcin da aka yi wa kutse ma ya isa ya jawo maka. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido a kanta, don haka sunayen ɗalibai da lambobin NIN ɗinsu amana ce da doka ke tambaya a kanta.

Wani lokaci ma 777 ba ta ko biyan buƙatar gaggawar. A wuraren haya da ke amfani da suEXEC ko suPHP, an tsara su ne su ƙi gudanar da duk fayil ɗin da kowa ke iya rubuta shi, sai ka ga buɗewar ce da kanta ta haifar da kuskure mai lamba 500. Wanda kuma hannunsa ya zame ya buga chmod -R 777 a kan tushen kwamfutar gaba ɗaya, umarnin sudo zai ƙi aiki, manhajar shiga daga nesa ta SSH ta ƙi amincewa da makullansa, galibi sai an sake girka komai.

Ka zauna kusa da gwani ka ga yadda yake yi. Shugaba zai leƙo ya ce, "Malam, ka buɗe masa komai mana, yara na jira." Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti kaɗan." Ba gardama, ba kuma bin umarnin. Abin da zai fara buɗewa littafin rahoton kurakurai ne, /var/log/apache2/error.log ko /var/log/httpd/error_log, ya bar shi yana gudana a gefe, ya sa a sake danna shafin domin ya ga sabon layin da zai faɗo a daidai lokacin. Lamba 13 a cikin layin ita ce alamar hanin izini a Linux. Lamba 2 kuwa na nufin fayil ɗin ma babu shi, wata matsala ce daban, kuma mutane da yawa sun ɓata lokaci suna gyara izinin abin da bai wanzu ba. Daga nan sai ya duba da ps ya tabbatar da sunan asusun da manhajar ke gudana a kai, ba ya ɗauka ya sani. Sannan ya ari rigar wannan asusun da sudo -u www-data, ya gwada karanta fayil ɗin a matsayinsa. Idan ɗalibin da ke koyon aiki a wurinsa ya ce, "Oga, ni fa na buɗe shi ɗazu," amsar ita ce, "Kai ka buɗe. Shi fa?"

Idan duk wannan bai nuna komai ba, akwai strace, wanda ke jero kowane fayil da manhaja ta yi yunƙurin buɗewa da amsar da ta samu. A nan ake kama ɓoyayyun abubuwa: mojul ɗin kansa ya buɗu, amma wani ɗakin karatu na manhaja da ya dogara da shi yana wata folda da aka rufe, ko an ɗaura ɓangaren faifan da sharaɗin noexec, wanda ke hana gudanar da komai daga cikinsa. Ko SELinux ma gwani yakan sassauta shi na ɗan lokaci, amma don gwaji. Idan shafi ya buɗe, ya gano mai laifi, sai ya mayar da shi a take ya gyara tambarin.

Akwai wata hanya da matsalar ke shigowa wadda ta fi yawa a wajenmu. Mai shirya fotal yakan yi aikinsa a laftof mai Windows, ya gwada a XAMPP, komai na tafiya. Ya zuba a filashi ya kawo. Tsarin FAT da yawancin filashi ke da shi ba ya ajiye mai fayil ko izinin Unix. Da an kwafe su zuwa uwar garke, sai su ɗauki sunan wanda ya kwafa, sau da yawa root, da duk lambobin da suka samu. Alhali kowace manhaja na da izinin da take buƙata a wasu wurare. Foldar da manhajar koyarwa ta Moodle ke ajiye kayan darasi, moodledata, tana buƙatar Apache ta iya rubutu a cikinta, kuma a ajiye ta a wajen foldar da ake miƙa wa jama'a. Manhajar gina shafi ta WordPress na son rubutu a foldar da ake ɗora hotuna. Fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai kuwa karantawa kawai ya kamata a bari, ga asusun da ke buƙata kaɗai. Gwani na tambayar mai manhaja, ina da ina take rubutu? Ya buɗe waɗannan wurare, sauran ya bar su a kulle. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta wannan ƙa'ida tun 1975, cewa kowace manhaja a ba ta mafi ƙarancin ikon da aikinta ke buƙata.

Yanzu wurare da yawa sun bar mod_php sun koma PHP-FPM, wanda ya shiga cikin PHP tun fitowar 5.3.3 a 2010. A wannan tsari PHP na gudana da kansa a gefe, a kan nasa asusun, Apache ko takwararta Nginx na yi masa magana ta wani fayil na musamman da ake kira soket. Masu neman shiga sun zama biyu ke nan, kowa da inda za a iya tare shi. Idan Nginx ta kasa taɓa soket ɗin, baƙo zai ga 502 Bad Gateway. Ɗan koyo zai buga chmod a kan soket, shafi ya dawo. Amma soket ɗin yana zaune ne a /run, wurin da ake sharewa duk lokacin da kwamfuta ta sake tashi, kuma PHP-FPM na ƙirƙirar sabo da izinin da aka rubuta masa a fayil ɗin saiti. A garin da wuta ke ɗaukewa, janareto ya yi jinkirin tashi, batirin inbata ya ƙare, wannan gyara ba zai kai mako ba. Shi ya sa gwani ke zuwa fayil ɗin saitin ya gyara listen.owner da listen.group da listen.mode. Tambarin SELinux ma yana rubuta shi da semanage fcontext domin ya zauna. Foldar da mutane da yawa ke aiki a ciki yana sa mata alamar setgid domin sababbin fayiloli su gaji ƙungiyarta. Bayan ya gama, idan dare ya yi masu rajista sun ragu, sai ya kashe uwar garken da hannunsa ya sake kunna ta, ya jira ta tashi, ya buɗe fotal daga wayarsa, ya gwada ɗora hoto guda.